Yadda Aka Kama Ƙwayar Shawara A Cikin Jinin Mutum

Ku 'yan makaranta, babu wanda bai san sauro ba a cikinku, babu kuma wanda bai taɓa jin an ce wane shawara ta kama shi ba. Amma kaɗan ne suka san akwai wata irin shawara wadda sauro ke kawowa, wadda ta taɓa watsa birane, ta tsai da jiragen ruwa, ta karya rundunar yaƙi ba a harba bindiga ba. Ita ce likitoci ke kira zazzaɓin shawara. A wannan mako za mu ba ku tarihin yadda masana suka yi ta farautar ƙwayar wannan ciwo cikin jini da fitsari da sauran ruwan jikin ɗan Adam, tun ba su iya ganinta har suka kai ga karanta ta kamar wasiƙa. Aiki ne na fiye da shekara ɗari, an kuwa biya shi da rayuka.

Tun da fari sai mu raba zance biyu. Idan idon mutum ya yi rawaya, fitsarinsa ya yi duhu, mu kan ce shawara ce. To, wannan alama ce kawai, tana nuna hanta ta sami matsala ko jini yana lalacewa, abubuwa da yawa kuwa na kawo haka. Zazzaɓin shawara ɗaya ne tak daga cikinsu. A nan wuyar ta ke, domin likita ba ya iya duban rawayar ido ya ce ga wanda ya kawo ta, sai ya nemi shaida a cikin jikin mai ciwon.

CIWON DA ƁARNARSA

Asalin ciwon nan Afirka ne. Jiragen cinikin bayi ne suka haye da shi teku, ƙwayar tana jikin mutane, sauron kuwa yana hayayyafa cikin gangunan ruwan sha. A shekarar 1648 ya faɗa wa ƙasar Yukatan, a 1793 ya kashe mutum wajen 5,000 a birnin Filadelfiya na Amurka, har manyan gwamnati suka bar garin. A 1802 ya cinye yawancin sojan da Nafoliyon ya aika tsibirin Haiti, har da jarumin da ya shugabance su. Sa'ad da Faransawa suka yi ƙoƙarin haƙa mashigin ruwa a Fanama, daga 1881 zuwa 1889, shi da zazzaɓin cizon sauro suka kashe musu ma'aikata kimanin 22,000, aikin ya tsaya.

Ga yadda ya kan zo. Bayan cizo da kwana 3 zuwa 6 sai zazzaɓi ya rufe mutum, da ciwon kai da ciwon baya da amai. Bayan kwana 3 ko 4 sai jiki ya yi sanyi, yawancin mutane daga nan sun warke ke nan. Amma waɗansu, bayan yini ɗaya na sauƙi, sai ciwon ya komo da ƙarfi, ido ya yi rawaya, dasashi ya yi ta zub da jini, a yi amai baƙi ƙirin. Kusan rabin waɗanda suka kai wannan hali ba su tashi.

Likitocin dā ba su da abin dubawa sai alamu. Su kan riƙe hannun mai ciwo, su ga jiki ya yi zafi rau amma bugun jijiya yana raguwa. Su kan kuma zuba fitsarinsa a 'yar kwalba su ɗora a kan wuta, in ya yi gajimare fari kamar farin ƙwai da ya ji zafi, sun san ƙoda ta taɓu. Wannan gwaji ne na ruwan jiki da aka yi amfani da shi ga ciwon nan. Yana nuna ɓarna, amma ba ya nuna maɓarnaci.

Cikin wancan zamani madubin likita, wanda ke girmama ƙananan abubuwa, ya riga ya tona asirin cututtuka da yawa. A 1880 wani likitan Faransa, Laveran, ya ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro tana motsi cikin ɗigon jini a ƙasar Aljeriya. Saboda haka kowa ya ɗauka ta shawara ma gobe ko jibi za a gan ta. Aka yi ta leƙa jini, aka leƙa amai, aka leƙa hanta, ba a ga kome ba.

ABIN DA AKA GANO A KYUBA

Wani likita na tsibirin Kyuba, Carlos Finlay, ya faɗa a gaban taron masana, a 1881, cewa sauro ne ke ɗauko ciwon daga wani ya kai wa wani. Ya ma nuna irin sauron, wani baƙi mai zanen fari a ƙafafu, mai cizo da rana, mai yin ƙwai cikin randa da gwangwani da duk inda ruwa ya kwanta a gida. Kusan shekara 20 ana yi masa kallon mai tatsuniya.

A 1900 sojan Amurka da ke Kyuba suna ta mutuwa, sai gwamnatinsu ta aiko da likitoci huɗu, shugabansu Walter Reed. Ba su san dabbar da ciwon ke kamawa ba, don haka babu abin gwaji sai mutum. Biyu daga cikin likitocin suka kamu. James Carroll ya sha da kyar, Jesse Lazear kuwa ya rasu ran 25 ga Satumba, 1900, yana da shekara 34.

Reed ya kafa sansani a bayan gari, ya nemi masu ba da kansu, ya sa ko wane ya sa hannu a takarda cewa ya san haɗarin ya kuma yarda. Ya gina ɗaki guda wanda sauro ba ya shiga, aka cika shi da barguna da tufafin waɗanda ciwon ya kashe, duk sun ɓaci da amai da jini. Mutane suka kwana 20 a ciki, ko ciwon kai ba su yi ba. A wani ɗaki mai tsabta ƙal aka saki sauro waɗanda suka ciji masu ciwo, wanda ya shiga aka cije shi ya kwanta. Aka kuma gane abu biyu masu muhimmanci. Na ɗaya, sauro ba ya ɗaukar cutar sai ya ciji mai ciwo cikin kwana ukun farko. Na biyu, sai ta yi wajen kwana 12 a cikinsa kafin ya iya ba wani. Ku riƙe zancen kwana ukun nan, za mu komo gare shi.

Sa'an nan suka ɗebi jinin mai sabon ciwo suka yi wa mai lafiya allura da shi, ya kamu. Ashe dai ƙwayar tana cikin jini, ko da ya ke madubi bai nuna ta ba. Cikin 1901 Carroll ya yi gwajin da ya buɗe sabon babi. Akwai wani mataci na ƙasa gasasshiya, ƙofofinsa ƙanana ne ƙwarai, har babu ƙwayar cutar da madubi ke gani wadda ke iya wucewa ta ciki. Ya tace ruwan jini da shi, watau ruwan nan mai rawaya da ke tasowa sama idan jini ya daskare, ya yi wa mutum uku allura, biyu suka kamu. Don kada a ce dafi ne kawai ya wuce, ya ɗebi jinin ɗaya daga cikinsu ya ba wani, shi ma ya kamu. Dafi ƙarewa ya ke yi in ana raba shi, wannan kuwa ƙaruwa ya ke yi. Abu ne mai hayayyafa.

Irin wannan ƙwaya ita ce a ke kira bairas. An riga an sami irinta ga ganyen taba a 1892, da kuma ga shanu a 1898, amma ta shawara ce ta fari da aka tabbatar tana kama ɗan Adam. In kuna son ku san ƙanƙantarta, ku dubi rular da ke hannunku. Tsakanin ƙaramin layi da ƙaramin layi milimita ɗaya ne. Sai an jera ƙwayar shawara wajen 20,000 kafin su cika wannan ɗan tsakani.

Da aka san sauro ne, sai aka tasam masa. Likita Gorgas ya sa aka rufe randuna, aka zubar da ruwan da ya kwanta, ciwon ya ɗauke daga birnin Habana cikin 1901. Da wannan dabara aka gama mashigin Fanama, aka buɗe shi a 1914. Amma har yanzu babu wanda ya riƙe ƙwayar a kwalba, gwaji da mutane kuwa aka daina shi, don ya ci rayuka.

KUSKUREN BABBAN MASANI

A 1918 wani shahararren masani mutumin Japan, Hideyo Noguchi, wanda ke aiki a Amurka, ya tafi birnin Gwayakil na ƙasar Ekwado. Ya duba jinin waɗansu da aka ce masa suna da zazzaɓin shawara, ya ga wata ƙwaya siririya mai murɗewa kamar igiya, ya ce ga ɓarawon nan an kama. Saboda girman sunansa duniya ta karɓa, har aka yi allurar rigakafi da ita aka yi wa dubban mutane. Alhali kuwa ƙwayar da ya gani ta wani ciwo ce dabam, wanda a ke samu daga fitsarin ɓera, shi ma yana sa ido rawaya. Idan aka ɗebo jinin da ba shi ba ne, kome kyan madubi da gwanintar mai dubawa, amsar ƙarya za a samu.

YABA DA JININ ASIBI

A 1925 Gidauniyar Rockefeller ta Amurka ta kafa ɗakin bincike a Yaba, kusa da Ikko, shugabansa Likita Henry Beeuwkes. Shekara biyu suna neman ƙwayar Noguchi cikin jinin masu ciwo a Nijeriya da Gwalkwas, ƙasar da a yau a ke kira Gana, ba su gan ta ba ko sau ɗaya. Suka yi wa dabbobi iri iri allura da jinin, har da biran ƙasar, babu wanda ya nuna ciwo sosai. Dalili kuwa, biran Afirka sun daɗe suna zama da cutar a daji, ta kan shiga jininsu ta fita ba ta kā da su ba. Sai dabara ta zo, aka sayo biran Indiya, ƙasar da ciwon bai taɓa zama ba.

Ran 30 ga Yuni, 1927, Likita Mahaffy ya je wani gari, Kpeve, a Gwalkwas, inda ciwon ya ɓulla. Ya tarad da wani mutum mai shekara 28 yana zazzaɓi, sunansa Asibi, suna wanda kunnen Bahaushe bai yi baƙo da shi ba. Ya ɗebi jininsa kaɗan, ya kai birnin Akkara, aka yi wa birin Indiya allura. Bayan 'yan kwanaki biri ya yi zazzaɓi ya mutu, da aka buɗe shi aka ga hantarsa ta lalace daidai da ta mutumin da shawara ta kashe. Shi Asibi kuwa ciwonsa bai yi tsanani ba, ya warke sarai.

Likitoci uku, Stokes da Bauer da Hudson, suka ci gaba. Suka ɗauki jinin wannan biri suka ba wani, daga shi zuwa wani, ko wane ya kamu. Suka sa sauro ya ciji biri mai ciwo, sa'an nan ya ciji mai lafiya, ya kamu. Suka tace jinin da mataci, abin ya wuce. Suka nemi ƙwayar Noguchi, babu ita. Sa'an nan suka ga wani abu wanda ya fi duka amfani: idan aka haɗa wa biri da ruwan jinin mutumin da ya taɓa yin ciwon ya warke, birin ba ya mutuwa. Cikin wannan shekara kuma masanan Faransa suka kama ƙwayar a Dakar.

Murna ba ta daɗe ba. Adrian Stokes, wanda ya baro kujerarsa ta babban malami a wani asibitin London, ya kamu a ɗakin aiki. Yana kwance ya ce a ɗebi jininsa, a kuma sa sauro su cije shi, don kada ciwonsa ya tafi a banza. Ya rasu a Ikko ran 19 ga Satumba, 1927. Daga baya abokan aikinsa suka nuna cewa jinin biri mai ciwo, in ya taɓa fatar hannu, ƙwayar tana iya shiga. Noguchi da kansa ya zo Akkara don ya ga zahiri, ciwon ya kama shi, ya rasu ran 21 ga Mayu, 1928. Likita William Young, wanda ya duba gawarsa, ya bi shi bayan kamar mako guda. A 1979 aka buɗe wata cibiyar bincike a Jami'ar Gana, aka sa mata sunan Noguchi, domin wanda ya yi kuskure ya kuma tafi neman gaskiya har ya rasa ransa bai cancanci a manta da shi ba.

FARIN ƁERA DA SAWUN CUTA

Biri yana da tsada, ga cizo, ga haɗari. A 1930 wani saurayi haifaffen Afirka ta Kudu, Max Theiler, ya gano cewa idan aka sa ƙwayar cikin ƙwaƙwalwar farin ɓera ta kan kama shi. Ɓera kuwa ga araha, ga saurin haihuwa, ɗaruruwa na zama a ɗaki guda. Cikin 1931 aka shirya wani gwaji da shi wanda ya kamata ko wane ɗan makaranta ya fahimta.

Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, jini ya kan ƙera waɗansu dakaru waɗanda ita kaɗai suka sani. Bayan ta tafi su ba su tafiya, ga zazzaɓin shawara su kan zauna muddin rai. Shi ya sa wanda ya yi shi sau ɗaya ba ya sakewa. To, sai a ɗebi ruwan jinin mutum, a gauraya da ƙwayar mai rai, a yi wa ɓeraye 6 allura, a zuba ido. In sun mutu, jinin nan ba shi da dakaru, mutumin bai taɓa yin ciwon ba. In sun rayu, ya taɓa yi, ko da shi kansa bai sani ba. Kun ga maharbi ba lalle sai ya ga kura ba, sawunta a bakin rafi ya isa shaida.

Da wannan gwaji aka bi garuruwan Afirka ta Yamma, har da na Nijeriya kudu da arewa, ana ɗiban jini. Abin da aka samu ya ba likitoci mamaki. Garuruwan da ba a taɓa rubuta labarin ciwon ba, sai ga mutane da yawa da dakarunsa a jini. Aka zana taswira, aka ga yankinsa ya miƙe tun daga Sanagal har Sudan da Yuganda. Suka kuma yi wata hikima, suka riƙa gwada yara. In manya suna da dakaru amma babu yaro ƙasa da shekara 10 mai su, an san ciwon ya yi shekara 10 bai zo garin ba. In ɗan shekara 3 yana da su, bai daɗe da wucewa ba. Jinin yara ya zama littafin tarihin gari. Waɗansu sun yi shakkar taswirar, sai a 1940 annoba ta tashi a duwatsun Nuba na Sudan, ta kama mutum fiye da 15,000, ta kashe fiye da 1,500.

Theiler bai tsaya nan ba. Shi da Hugh Smith suka ɗauki zuriyar ƙwayar da aka samu daga Asibi, suka yi ta renonta cikin tsokar ɗan tsakon da bai ƙyanƙyashe ba, daga kwalba zuwa kwalba, fiye da sau 100, har ta rasa ƙarfin kisa amma ba ta rasa ikon ta da dakarun jini ba. A 1937 suka bayyana ta, suka kira ta 17D. Aka ba Theiler kyautar Nobel a 1951. Duk allurar rigakafin shawara da a ke yi a duniya yau daga 17D ta fito. Watau jaririn da aka yi wa ita a asibitin garinku, da alhajin da aka ba katin nan mai rawaya kafin ya tashi, duk suna ɗauke da jikanyar ƙwayar da aka ɗebo daga hannun Asibi.

'YAN'UWANTA SUN FITO

Tarkon da aka ɗana wa shawara ya kama waɗansu. A 1936 aka kafa ɗakin bincike a Entebbe ta Yuganda. A 1937 suka ɗebi jinin wata mace mai zazzaɓi, suka sa wa ɓeraye, sai ga wata sabuwar ƙwaya, aka sa mata sunan lardin, Yammacin Nilu. A watan Afrilu, 1947, wani birin Indiya da aka ajiye a kan dakali cikin itatuwan kurmin Zika, don a ga ko sauron daji zai ba shi shawara, ya yi zazzaɓi. Aka gwada jininsa, sai ga wata ƙwayar kuma, aka kira ta Zika. Su duka dangi ɗaya ne da shawara da zazzaɓin dengi, sauro ne kuma ke yawo da su.

Wannan dangantaka ta kawo sabuwar wahala. Dakarun da jini ya ƙera don dengi su kan kama shawara ko Zika kaɗan kaɗan, kamar mai gadin da ya ga ƙanen ɓarawo ya ce shi ne. Wanda aka yi wa rigakafi kwanan nan ma jininsa ya kan nuna kamar mai ciwo. A 1971 masana biyu a Suwidin suka fito da gwajin Elisa, inda a ke ɗiga ruwan jini a ƙananan ramuka na faranti, in dakarun suna nan ruwan ya sāke launi. Yana ba da amsa cikin yini guda, yana kuma iya nuna sababbin dakaru, waɗanda ke fitowa wajen ƙarshen makon farko na ciwo. Amma saboda ruɗanin dangi sai an tabbatar da wani gwaji, jikan gwajin ɓera, wanda a ke yi da tsoka mai rai cikin faranti maimakon dabba.

KARANTA ƘWAYAR KANTA

A cikin ko wace ƙwayar bairas akwai wani zare wanda ke ɗauke da umurnin yadda za a ƙera ta, an rubuta shi da haruffa iri huɗu kaɗai. A 1985 Charles Rice da abokansa a Amurka suka karanta na 17D tun daga farko har ƙarshe, haruffa 10,862. Da aka san rubutun, aka san layin da shawara kaɗai ke da shi, wanda dengi da Zika ba su da shi.

Amma yaya za a ga layi guda cikin ɗigon jini? A 1983 Kary Mullis ya ƙago dabarar da a ke kira PCR, mu ce gwajin ninkawa. Ana sa ɗigon cikin 'yar kwalba tare da waɗansu sinadarai masu neman wannan layi, na'ura tana ɗumama shi tana sanyaya shi. Ko wane zagaye, in layin yana nan, sai ɗaya ya zama biyu. Ku ɗauki alli ku lissafa: 1, 2, 4, 8, 16. Zagaye 10 ya ba da 1,024. Zagaye 20 ya wuce miliyan ɗaya. Zagaye 30 ya wuce miliyan 1,000. A nan sai kwalbar ta ba da haske, na'ura ta gani. In babu layin, ko an yi zagaye nawa babu abin da zai ninku. Aikin da ya ci wa mutanen Yaba makonni da birai da rayuka, yanzu sa'o'i kaɗan ne.

Duk da haka dokar da Reed ya gano tana nan. Ƙwayar ba ta daɗewa da yawa cikin jini. Wanda aka kawo da wuri, gwajin ninkawa ya kan same ta, wanda aka makara da shi sai a nemi dakaru. Wannan ne ya sa masana suka juya ga sauran ruwan jiki, Zika ce kuwa ta tilasta musu. Ta yi shekara 60 ba a kula da ita ba, sai a 2007 ta tashi a tsibirin Yap, a 2013 ta faɗa wa Tahiti da tsibiran da ke kusa. A can aka same ta cikin yau na baki, aka kuma same ta cikin maniyyi, abin da ya ƙarfafa zaton cewa miji na iya ba matarsa ba tare da sauro ba, daga baya kuwa aka tabbatar. A tsibirin Sabuwar Kaledoniya aka nuna tana zama cikin fitsari fiye da kwana 10, bayan ta ɓace daga jini. A 2015 aka yi ta haihuwar jarirai masu ƙananan kawuna a arewa maso gabashin Birazil, cikin watan Nuwamba aka sami ƙwayar a ruwan da ɗan tayi ke kwance ciki, na mata biyu masu juna biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shelar dokar ta-ɓaci ran 1 ga Fabrairu, 2016, ta janye ta a Nuwamba na wannan shekara. Daga baya aka sami alamar ƙwayar shawara ita ma cikin fitsarin waɗanda suka fara warkewa. Kun ga kwalbar fitsarin da likitan dā ke ɗorawa a wuta ta komo, amma yanzu maɓarnacin a ke nema ciki.

ABIN DA YA SHAFE MU

Kada ku ce wannan labarin dā ne. Ciwon ya tashi a ƙasar Jos a 1969, ya tashi a Binuwai a 1986, ya sake ɓullowa a Kwara a 2017, a 2019 kuma ya kama mutane a wajen dajin Yankari ta Bauci. Ba za a iya kawad da shi daga duniya ba, domin yana zaune tsakanin birai da sauron daji, yana jiran garin da aka yi sakaci. Har yau babu maganin da ke kashe ƙwayar, sai dai a yi jiyyar mai ciwo jikinsa ya yi yaƙin.

Idan aka ɗebi jinin wanda a ke zato, a kan sa shi cikin akwatin sanyi, don zaren nan zafi na lalata shi, a aika ɗakin gwaji, a kan kuma nemi tabbaci daga manyan ɗakuna irin na Cibiyar Pasteur ta Dakar. Mutum ɗaya da aka tabbatar ya isa a tashi masu allura su rufe gundumar duka. Saboda haka cokali guda na jini da aka ɗiba kan kari yana iya tsare gari. Wanda ya ɓoye mai ciwo a ɗaki, ko ya hana a ɗebi jininsa don tsoron jita-jita, ya ba sauro kwana ukun da ya ke bukata.

Ku da kuka yi karatu, ku ne idon gidajenku. In kun ga zazzaɓi tare da rawayar ido, ku ce a tafi asibiti yau, kada a bari sai gobe. Ku rufe randa, ku kifar da gwangwani da tsohuwar taya. Ku tambaya ko an yi wa ƙanenku allurar wata tara, sau ɗaya ce tak, tana tsare mutum muddin ransa. Rigakafi ya fi magani, balle ga ciwon da ba shi da magani. Wanda kuma a cikinku ya ke son aikin ɗakin gwaji, ya riƙe lissafi da tsabtar hannu da faɗin abin da ya gani kaɗai, domin waɗannan su ne kayan aikin da mutanen Yaba suka kama abin da ido bai taɓa gani ba.